Tarihin Dokokin Izini a Rumbunan Takardun Kwamfuta

Dokokin izini, a fagen ilimin kwamfuta, su ne ƙa'idojin da ke fayyace wanda aka yarje wa ya duba wani bayani, da wanda zai iya gyara shi ko shafe shi, da sharaɗin da za a cika kafin hakan ya yiwu. Rumbun takardu masu tsari kuwa ma'ajiya ce ta kwamfuta wadda ba ta tara rubutu zube, sai dai ta raba kowace takarda zuwa sassa masu suna, ta yadda takardar asibiti za ta ƙunshi sashen sunan majinyaci daban, na cutarsa daban, na kuɗin magani daban. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ba ta kankama ba sai a ƙarshen shekarun 1990, amma tushenta ya girmi kwamfuta, domin injiniyoyi sun gaji yawancin tambayoyinsu ne daga ofisoshin soja da na gwamnati, musamman a Amurka, inda aka yi akasarin aikin farko. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne girman abin da ake kullewa, wanda ya faro daga kabad sukutum ya gangaro zuwa fayil, daga fayil zuwa layi ɗaya a jadawali, har ya kai ga sashe guda a cikin takarda.

A zamanin takarda da hatimi, tsaro ya rataya ne a kan matakin sirrin da aka buga wa takarda da matakin amincewar da aka ba mutum bayan binciken halinsa. Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarnin farko game da matakan sirri a 1940, Truman ya faɗaɗa tsarin zuwa hukumomin farar hula a 1951, sannan Eisenhower ya taƙaita matakan zuwa uku a 1953, waɗanda har yau su ake amfani da su. Bayan mataki akwai sharaɗi na biyu, wato buƙatar sani, wanda ke nufin cewa ko da jami'i ya kai matakin takarda, ba za a miƙa masa ita ba sai aikinsa ya shafe ta. Mai zartar da wannan duka shi ne magatakardan rajista da ke riƙe da mabuɗin kabad da littafin sa hannu, wanda ya san fuskoki, yana kuma iya tsarguwa idan mutum ɗaya ya nemi fayil ɗari a yini guda.

Kwamfutocin farko ba su dagula wannan tsari ba, saboda aiki ɗaya suke yi a lokaci guda, kuma kulle ɗakin da na'ura take ya wadatar. Matsalar ta kunno kai ne da tsarin raba lokaci, wato dabarar da ke ba mutane da yawa damar amfani da kwamfuta ɗaya a tare, kowa daga mazauninsa. A Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, Fernando Corbató da abokan aikinsa sun nuna tsarin CTSS a 1961, kuma a cikinsa aka ba kowane mai amfani kalmar sirri domin a raba fayilolinsa da na wasu. Ba a daɗe ba wani ɗalibin digiri na uku, Allan Scherr, wanda lokacin da aka ware masa bai ishi bincikensa ba, ya nemi a buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa, aka kuwa buga, domin babu ƙa'idar da ta hana. Shi da kansa ya ba da labarin shekaru da yawa bayan haka. Lamarin ya fito da bambancin da ke tsakanin tantance mutum, wato tabbatar da cewa shi ne wanda ya ce shi ne, da ba shi izini, wato ƙayyade abin da zai taɓa bayan ya shiga, kuma na biyun ne ya fi wuya.

Ma'aikatar Tsaron Amurka ta kafa kwamiti a 1967 ƙarƙashin Willis Ware na cibiyar RAND domin ya duba yadda za a ajiye bayanan sirri a kwamfutar da mutane da yawa ke rabawa, kuma rahotonsa na 1970 ya nuna cewa fasahar lokacin ba ta isa a dogara da ita ba a wurin da ba a killace ba. A 1971 Butler Lampson ya zana siffar da kusan duk wanda ya biyo baya ya ɗora a kanta, wato jadawalin izini, inda ake jera masu nema a gefe ɗaya, abubuwan da ake nema a ɗaya gefen, kowane gurbi kuma ya nuna abin da aka halatta. Jadawalin yana da sauƙin fahimta amma ba ya ajiyuwa yadda yake, tunda mutum dubu da fayil dubu ɗari za su haifar da gurbi miliyan ɗari, mafi yawansu fanko, shi ya sa aka koma liƙa wa kowane fayil jerin sunayen waɗanda aka yarje wa. Shekara guda bayan haka James Anderson ya rubuta wa rundunar sojan sama rahoton da ya gabatar da manufar mai gadin shiga, wato ɗan ƙaramin sashe na manhaja da kowace buƙata za ta bi ta kansa, wanda ba a iya kauce masa ko yi masa kutse, kuma ƙanƙantarsa za ta ba da damar a bincike shi ciki da bai.

Aikin da ya fi tasiri a wannan zango shi ne na David Bell da Leonard LaPadula na cibiyar MITRE, waɗanda a 1973 suka mayar da tsarin soja na takarda zuwa lissafi. Ƙa'idarsu ta farko tsohuwa ce, domin cewa take yi mai ƙaramin mataki ba zai karanta abin da ke sama da shi ba. Ta biyun ce ta zo da baƙon abu, wato wanda yake aiki a babban mataki ba zai rubuta komai a wurin da ke ƙasa da matakinsa ba. A ofishin takarda an amince da janar cewa ba zai kwafe sirri ya liƙa a allon sanarwa ba, amma a kwamfuta manhajar da yake amfani da ita ce ke yin rubutun, kuma tana iya ɗauke da ɓoyayyen umarnin da wani ya dasa mata, ta riƙa kwasar sirri tana zubawa a fayil ɗin da kowa ke gani ba da saninsa ba. Daga nan aka samu rabuwar da har yau ake koyarwa tsakanin izini na ganin dama, inda mai fayil ke ba wanda ya so, da izini na tilas, inda hukuma ke tsara matakai kuma ko mai fayil ba shi da ikon ƙetare su. Ma'aikatar Tsaro ta tattara waɗannan a 1983 cikin kundin auna amincin kwamfutoci da aka fi sani da launin bangonsa na ruwan lemo, wanda ya jera darajoji daga D zuwa A1; sai dai tantance na'ura a manyan darajojin yakan ɗauki shekaru, har yayinta ya wuce kafin a gama, don haka kasuwa ba ta bi wannan hanya da nisa ba.

A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder na MIT, waɗanda suka yi aiki a kan tsarin Multics, sun wallafa maƙala mai ɗauke da shawarwari takwas ga masu ƙera tsarin tsaro, kuma biyu daga ciki sun fi shafar wannan tarihi: a ba kowane mutum da kowace manhaja mafi ƙarancin ikon da aikinsu ke buƙata, sannan asalin matsayin kowace ƙofa ya zama a rufe sai an buɗe ta da gangan. Hujjar ta biyun a fili take, domin idan kuskure ya hana mai haƙƙi shiga zai yi ƙorafi nan take a gyara, amma idan kuskure ya bar wa baƙo hanya babu wanda zai zo ya faɗa.

Rumbunan bayanai sun bi tasu hanyar. Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar da tsarin ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna a 1970, kuma a ɗakin binciken kamfanin da ke San Jose, inda aka gina rumbun gwaji mai suna System R, Patricia Griffiths da Bradford Wade suka tsara a 1976 hanyar ba da izini da janye shi wadda ta zama umarnin GRANT da REVOKE a harshen SQL. Janyewar ce ta ba su aiki. Idan mai jadawali ya ba wani izini tare da ikon ya ba wasu, shi kuma ya ba na uku, na ukun kuma ya sami irin wannan izini daga wani na huɗu, to ranar da aka soke na farkon dole a bi sawu a gano wane izini ne ke tsaye da ƙafarsa, wane ne kuma ya rataya a kan wanda aka soke. Sun warware wannan ta hanyar rubuta lokacin kowace bayarwa, duk da haka sai da Ronald Fagin ya gano wata ɓaraka a hanyar tasu ya gyara ta a 1978. A Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley kuwa, Michael Stonebraker da Eugene Wong sun kawo wata dabara a rumbun Ingres tun 1974, wato na'ura ta ƙara wa tambayar mai nema wani sharaɗi a ɓoye, ta yadda shugaban sashe da ya nemi albashin dukkan ma'aikata zai ga na mutanensa kaɗai. Wannan ita ce kakar abin da yanzu ake kira tsaro a matakin layi, wanda rumbun Oracle ya shigar a ƙarshen shekarun 1990, rumbun PostgreSQL kuma a 2016.

A nan ne kuma aka fara ganin matsalar da ba ta da cikakken magani har yau, wato hasashe daga abin da aka halatta. Mutum na iya rasa izinin ganin albashin wata ma'aikaciya, amma idan an yarje masa ganin jimillar albashin sashe da jimillar albashin mazan sashen, kuma mace ɗaya ce a ciki, to ɗebewa kawai zai yi. Dorothy Denning da abokan aikinta sun nuna a ƙarshen shekarun 1970 cewa irin wannan bin diddigi yana yiwuwa a yawancin rumbunan ƙididdiga. Hatta ƙin amsawa kan tona asiri, domin saƙon da ya ce an hana mai nema ganin wani layi ya riga ya shaida masa cewa layin yana nan.

Bankuna da kamfanonin inshora ba su taɓa samun natsuwa da tsarin soja ba, kuma David Clark da David Wilson sun bayyana dalili a 1987, cewa ɗan kasuwa ya fi tsoron a sauya lamba a littafin kuɗi fiye da a karanta ta, kuma kariyarsa ta gargajiya ita ce raba aiki, ta yadda wanda ya rubuta takardar biya ba shi zai amince da ita ba. David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar ƙa'idoji da fasaha ta Amurka, wato NIST, sun gabatar da tsarin izini bisa muƙami a 1992, inda ake liƙa izini ga muƙami kamar mai karɓar kuɗi ko malamar jinya ko mai binciken asusu, sannan a ɗora mutum a kan muƙamin. Ravi Sandhu da abokansa sun faɗaɗa shi a 1996, ya zama ƙa'idar ƙasa a 2004. Ya karɓu ne saboda ya dace da yadda ofis ke aiki, domin idan aka canza wa ma'aikaci wurin aiki layi ɗaya ake gyarawa, maimakon a bi fayiloli dubu ana goge sunansa.

Duk wannan an gina shi ne a kan fayil ko jadawali, alhali akwai nau'in bayanin da ba ya zama cikin layuka da gurabe, wato takardu irin su kwangila, da hukuncin kotu, da littafin gyaran jirgin sama, da tarihin jinyar majinyaci. Charles Goldfarb, wanda lauya ne kafin ya shiga IBM, ya ƙirƙiro harshen GML tare da Edward Mosher da Raymond Lorie a 1969 a yayin wani aiki na sarrafa takardun shari'a, da nufin a sanya wa kowane sashe na rubutu alamar da ke faɗin abin da yake, ko take ne ko sakin layi ko suna. Daga shi aka samo SGML, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 1986, daga SGML kuma aka tace XML, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a watan Fabrairun 1998. Takardar XML tana da ginin da masana ke kira bishiya, domin sashe ɗaya ne tushe, sauran suna fitowa daga cikinsa kowanne da rassansa, kuma harshen XPath da ya fito a 1999 ya ba da hanyar nuna kowane reshe da adireshinsa. Da zarar an iya nuna reshe, sai tambayar izini ta tashi daga wa zai buɗe takarda ta koma wa zai ga wane sashe nata, kamar gidan gargajiya inda baƙo ke tsayawa a zaure, ɗan'uwa ya wuce tsakar gida, ɗaki kuma sai mai shi, alhali ƙofar waje ɗaya ce.

Amsoshi mafi tasiri sun fito ne a shekarar 2000, daga Italiya da Japan. Ernesto Damiani, Sabrina De Capitani di Vimercati, Stefano Paraboschi da Pierangela Samarati sun tsara hanyar da ake rubuta ƙa'ida a kan reshe, ta halattawa ko ta hani, sannan a fayyace ko ta tsaya a kan reshen kaɗai ko ta gangara kan abin da ke ƙarƙashinsa. Ana iya rubuta ƙa'idar a kan ƙirar da dukkan takardu masu nau'i ɗaya ke bi, ko a kan takarda guda, kuma idan ƙa'idoji suka ci karo sai a fifita wadda ta fi kusa da reshen da ake magana a kai, idan kuma suka yi kunnen doki hani ya rinjaya. Idan mai nema ya zo, na'ura takan bi bishiyar ta sa wa kowane reshe alama, ta sassare waɗanda aka hana, ta miƙa masa abin da ya rage. Ta haka akawun asibiti da likita za su buɗe takarda ɗaya, wannan ya ga kuɗi da kwanan wata, wancan ya ga sakamakon gwajin jini. Wani ɗan abu a aikinsu ya nuna sun fahimci matsalar hasashe sarai: idan ƙirar takarda ta ce wani sashe wajibi ne, kuma mai karatu bai gan shi ba, zai gane an ɓoye masa wani abu, don haka suka ba da shawarar a sassauta ƙirar da ake nunawa, a mayar da wajibi ya zama na zaɓi, domin kada a bambance abin da aka cire da abin da dama babu shi. Elisa Bertino da Elena Ferrari da abokansu, a tsarin Author-X, sun ƙara da batun takardar da ake rarraba wa mutane da yawa, inda ake juya sassanta zuwa rubutun sirri da mabuɗai daban-daban, kowa a ba shi waɗanda suka dace da shi.

Michiharu Kudo da Satoshi Hada na ɗakin binciken IBM da ke Tokyo kuwa sun lura cewa amsar ofis sau da yawa amincewa ce bisa sharaɗi, kamar a bar mutum ya duba amma a rubuta cewa ya duba, ko ya gyara amma sai ya sa hannu. Wannan tunani ya shiga cikin XACML, harshen rubuta dokokin izini da ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2003, ta sabunta a 2005 da 2013. XACML ya raba aikin gida-gida, akwai mai tare buƙata a ƙofa, da mai yanke hukunci, da mai kawo bayanin da hukuncin ke buƙata, da inda ake rubuta dokar. Hukunci kuma ya dogara ne a kan siffofi, wato wane ne mai nema, mene ne abin, ƙarfe nawa ne, daga ina buƙatar ta fito. Da wannan aka iya rubuta doka irin ta cewa likita zai ga takardar majinyacin da ke hannunsa kaɗai, a lokacin aikinsa, sai fa idan gaggawa ta taso, abin da muƙami ba zai iya ɗauka ba sai an ƙirƙiri muƙamai barkatai. Raba mai hukunci da mai zartarwa ya ɗore, tsare-tsaren zamani da yawa sun gaje shi, amma harshen kansa ya yi nauyi, domin dokar da jimla ɗaya ce a bakin mutum takan cinye shafi guda idan aka rubuta ta da shi, kuma mai gudanarwar da ba ya iya karanta dokarsa da wuya ya gano kuskurenta.

Manyan ɓarnar da aka gani bayan haka ba su zo daga ƙarancin waɗannan dabaru ba. Kwamitin da ya binciki harin 11 ga Satumban 2001 ya zargi hukumomin leƙen asirin Amurka, a rahotonsa na 2004, da rowar bayani ga junansu, ya nemi a sassauta al'adar buƙatar sani a koma ga rabawa. Ma'aikatar Harkokin Waje ta haɗa rumbun wasiƙun jakadunta da SIPRNet, hanyar sadarwar sirri ta soja wadda ɗaruruwan dubban mutane ke da izinin shiga, kuma a 2010 wani ƙaramin soja mai nazarin bayanai a Iraƙi, wanda daga baya aka sani da Chelsea Manning, ya sauke wasiƙu fiye da 250,000 da shafin WikiLeaks ya fara wallafawa a watan Nuwamban shekarar. Matakin sojan ya kai, kuma babu abin da ya tambayi ko aikinsa ya shafi wasiƙar da aka aiko daga wata nahiya, ko ya tsayar da shi saboda yawan abin da yake saukewa. Aikin da magatakarda ke yi da ido ba a ɗora wa na'urar ba, ko da yake dabarar yin sa tana cikin littattafai.

Daga tsakiyar shekarun 2000 masu gina shafukan intanet suka fara barin XML suna komawa ga JSON, tsari mai sauƙi na rubuta takarda mai sassa, aka kuma sami sababbin rumbunan takardu irin su CouchDB, wanda aka fara a 2005, da MongoDB, wanda ya fito a 2009. An ƙera su ne domin mai rubuta manhaja ya girka ya fara aiki cikin mintuna, kuma saboda wannan sauƙi aka bar su ba sa neman kalmar sirri sai mai girkawa ya kunna da kansa. A CouchDB, kafin a naɗa mai gudanarwa na farko, duk wanda ya iso yana da cikakken iko. Daga ƙarshen Disamban 2016 zuwa Janairun 2017 masu kutse suka bi intanet suna neman rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, suna share abin da ke ciki su bar saƙon neman fansa da kuɗin bitcoin, kuma cikin 'yan makonni adadin ya haura 20,000, masu bincike kuma suka gano cewa sau da yawa ba a ma ajiye kwafin abin da aka share ba. A wannan lokaci MongoDB yana da tsarin muƙamai, har da hanyar sassare sassan takarda bisa matakin mai karatu, wadda ta shigo tun 2014. Abin da ya rasa shi ne ƙofar da ke rufe tun asali. Sigar 3.6 da ta fito a ƙarshen 2017 ce ta daina sauraron buƙatun da suka fito daga wajen na'urar da aka girka ta a kai sai an umarce ta, CouchDB kuwa sai a sigar 3.0, a 2020, ya fara ƙin tashi matuƙar ba a naɗa masa mai gudanarwa ba, shekara 45 bayan Saltzer da Schroeder sun rubuta wannan sharaɗi.